Wasiƙa daga bakin kogin Daly

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya ƙarfin jikin Baba? Ka ji ni shiru kwana biyu, inda muka shiga ne babu sabis ko ɗigo.

Abokan aikina ne suka ja ni kamun kifi kogin Daly, wajen kilomita 220 kudu da Darwin, nan arewacin Ostireliya. Damina ta ɗauke kenan, su nan tsakanin Maris da Afrilu ne ruwan da ya malale fadamu yake janyewa ya koma kogi ɗauke da ƙananan kifaye, shi kuma wani babban kifi da suke kira barramundi sai ya laɓe a bakin 'yan rafuka yana jiransu. Ina ganin na farko na ce kai, wannan ai giwan ruwa ne, irin wanda ake fitarwa a Argungu. Ashe ko dangi ɗaya ne, sai dai namu ya fi girma nesa ba kusa ba.

Ba taru ba koma, fatsa ce kawai da ɗan kifin roba, ka wurga ka dinga jawowa a hankali. In ya cafka sai ya yi sama yana girgiza kai don ƙugiyar ta fita, hannunka har rawa yake.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne dokarsu. Wanda bai kai santimita 55 ba dole ka mayar, a Daly wanda ya wuce 90 ma doka ta kare shi, kuma mutum ɗaya ba ya riƙe sama da 3. Dalilin kuwa kusan dukkansu maza suke fara rayuwa, sai sun girma sosai suke rikiɗa su koma mata, to manyan nan su ne ke gangarawa bakin teku su zuba ƙwai miliyoyi. Da idona na ga mutum ya kamo ƙato, ya ɗau hoto ya sake shi yana murna, wallahi abin ya burge ni matuƙa.

Kadoji kuwa ba a magana, tun 1971 aka hana farautarsu sai suka cika kogin. Ko alwala ba na yi a bakin ruwa, da bokiti da igiya nake ɗebowa.

Don Allah in ka je Yawuri ka tambayar min masunta ko har yanzu suna samun manyan giwan ruwa, ina so in sani. Ka gaishe min da Hajiya da yaran.

Naka,
abokinka