Polima mai kashe bakteriya: a daina cewa bakteriya ba za ta taɓa bijire mata ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku in yi tsokaci kan polimomin da ake haɗawa a ɗakin gwaji don yaƙar bakteriya masu bijire wa magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, don haka ba laifi a ɗoki sabon makami. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cewa bakteriya ba ta da dabarar kauce masa.

Polima sarƙa ce ta ƙananan sinadarai a jere kamar ƙwayoyin carbi. Mai haɗawa yana jera iri biyu: masu cajin lantarki na alamar tarawa, da masu gudun ruwa su bi maiƙo. Tantanin da ya lulluɓe bakteriya cajinsa na alamar ɗebewa ne, sai sarƙar ta manne masa, ɓangaren maiƙon ya kutsa ya yaga shi, abin ciki ya tsiyaye. Fuskar waje ta ƙwayar jikin mutum kusan ba ta da caji, shi ya sa sarƙar ta fi bin bakteriya. Daga halittu aka koyi dabarar, irin magainin, sinadari mai kashe bakteriya da masanin kimiyya Michael Zasloff ya gano a fatar kwaɗo a 1987.

Wahalar tana wurin awo. In ɓangaren maiƙo ya yi kaɗan, polimar ba ta kisa. In ya yi yawa, sai ta fasa jajayen ƙwayoyin jini. Saboda haka lamba biyu ake nema. Ta farko MIC, wato mafi ƙarancin adadin da ke hana bakteriya yaɗuwa: a faranti mai rami 96 ake tsinka maganin rabi-rabi, a zuba bakteriya kimanin 500,000 a kowace mililita, a ajiye a zafin digiri 35 zuwa 37 na awa 16 zuwa 20, a duba ramin farko da ruwansa bai gurɓace ba. Ta biyu HC50, adadin da ke fasa rabin jajayen ƙwayoyin jini, yawanci cikin awa ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin, kuma rahoton da ya kawo ta farko kaɗai rabin magana ya faɗa. Ko faranti kansa yana ruɗa sakamako, domin polima mai caji tana manne wa robar polistirin, shi ya sa ake son ta polifurofilin. A cikin jini kuma furotin albumin yana kama wani kaso, gishiri da kalsiyam da magniziyam su rage mannewar, sai adadin da ya yi aiki a faranti ya kasa.

An samu ci gaba na gaske. A 2016 masu bincike a Jami'ar Melbon ta Ostireliya sun nuna polima mai siffar tauraro ta kashe bakteriyar Acinetobacter baumannii a jikin ɓeraye, kuma ba su ga bijirewa ba har zuriya 600. Sai dai gwajin ɓera ne da na kwalba. Bakteriya ta riga ta san yadda za ta rage cajin jikinta: ƙwayar gado mcr-1 da aka gano a Sin a 2015 da haka take hana maganin kolistin aiki, bakteriyar Staphylococcus aureus kuma tana liƙa sinadarin laisin a tantaninta don wannan manufa. Bijire wa polima zai yi jinkiri, amma hanyarsa a buɗe take.

Inda waɗannan sinadarai suka riga suka shiga asibiti shi ne bayan jiki. Sinadarin PHMB, wanda polima ne mai kashe bakteriya, ana wanke gyambo da shi a ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, ana kuma sa shi a bandeji. Allura ta jijiya kuwa da saura, domin sarƙoƙin da ke kwalba ɗaya ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dole a tabbatar ƙoda da hanta za su iya fitar da su.

Roƙona ga wakilanku, duk sanda aka kawo labarin sabuwar polima su tambayi tazarar MIC da HC50, su tambaya ko an gwada ta cikin ruwan jini, kuma a jikin wa aka gwada.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku