Wasiƙa zuwa ga Habibu a kan zanen Al-Khalil

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyin can? Ya Hajiya da yara? Mu nan sai godiyar Allah.

Wani zane na tsinta wurin mai sayar da tsofaffin littattafai, babu sunan mai shi a jiki, na ce sai na ba ka labari. Masallacin Annabi Ibrahim ne da ke Al-Khalil a Falasɗinu, inda ake ziyartar kabarinsa da na Is'haƙa da Yaƙubu da matansu. Mai zanen bai kai mu ciki ba. A waje ya tsaya, ya ba katangar fiye da rabin takardar, kuma ta cancanta, don tun zamanin Sarki Hirudus aka ɗora duwatsun nan, kimanin shekara 2,000 ke nan. Masu ziyara a gindinta sun koma kamar tururuwa.

Sai ka matso kusa kake rabe su. Ga wata tsohuwa ta saɓe takalmanta a hammata, diddigenta duk kaushi, ka san daga nesa ta tako. Ga wani ya tsuguna yana ba jakinsa ruwa, ko ɗaga kai bai yi ya dubi ginin ba. Shi ya fi kwanta mini a rai, wallahi. Can gefe yara ne riƙe da kwanuka, ina jin abincin sadaka suke jira, ka san garin ya daɗe da sunan ciyar da baƙo kyauta, har gobe ana ɗora tukunyar.

A kan matakala kuma wani dattijo Bayahude ne tsaye, ya jingina goshi da bango. Na ƙirga, a ta bakwai yake. Wannan mai zane ya san abin da yake yi: tun zamanin Mamaluka, sarakunan Musulmi na Masar, aka hana Yahudawa wuce nan, haka aka yi ta tafiya har 1967. Yanzu kuwa an raba ginin biyu, Musulmi da Yahudawa kowa da ƙofarsa, tun bayan da aka harbe masallata 29 a sallar asuba cikin azumin 1994. Shi ya sa nake daɗewa ina kallon tsohuwar da dattijon a matakala ɗaya.

Ƙasan takardar gara ta ɗan taɓa. Gobe in Allah ya kai mu zan kai a sa masa gilashi, sannan in ɗauko maka hotonsa. Ka gaida Hajiya, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Sabi'u