A koya wa yaran shago ɗinka jakar sulalla da guntayen zif

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana teloli na Garwa da Marwa da Ngawundere, har zuwa Kusiri da Njamena. Duk shagon da ka shiga, za ka tarar da gwangwani ko leda cike da zif ɗin da aka cire daga tsofaffin wanduna da siket, ko wanda aka saya ya yi gajere. Ƙarshensa bola. Alhali a ƙasashen sefa canji abu ne mai daraja. Mai ƙosai da mai babur sun san yadda ciniki ke watsewa saboda dala goma, wato sefa 50, kuma tun da BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya fito da sababbin sulalla a 2025, har da na sefa 200, ƙarfen da ke yawo a hannun mutane ya ƙaru. Iyayenmu mata har yanzu a bakin zane suke ƙulle shi. Zif takwas sun isa a yi 'yar jaka mai igiyar hannu, kuma babu aikin da ke koya wa yaro miƙe ɗinki kamar wannan.

Zif mai haƙoran roba ake nema, lamba 3, wanda faɗinsa ya kai kamar santimita 2 da rabi. Mai haƙoran ƙarfe kada a kusance shi, domin allura za ta bi ta kan haƙora sau goma sha shida a ɗinkin gefe biyu, kuma ƙarfe karya ta zai yi. Bakwai daga cikin takwas ɗin ado ne kawai, ba za su buɗe ba. Na takwas shi ne bakin jaka, don haka shi kaɗai ya kamata ya zama sabo mai kyau, tsawon santimita 20. Sauran ko na gwanjo ne ba laifi, muddin haƙoran na kamawa. A wanke su tukuna, domin tsohon zif mai ƙyallen auduga yana tsukewa, na roba kuma ba ya tsukewa, idan aka haɗa su ba wanki jakar za ta karkace ranar da ta fara shan ruwa.

A rufe bakwai ɗin nan ruf, a yanke kowanne santimita 14, a bar kan zif ɗin a jikin rarar da aka yanke. Kawunan nan bakwai a adana su, za su yi amfani ranar gyara. Sai a ɗora gefen ƙyallen ɗaya kan na ɗaya da rabin santimita, a bi da ɗinki, a sa ƙafar zif a keke, allura lamba 14 ko 16, zaren roba, tazarar ɗinki milimita 3. Nan ne yawancin yara ke ɓata aiki. Suna jan zif da hannu don su taimaki keke, ƙyallen ya miƙe, a gama a ga abu ya yi tudu da kwari. Hannu aikinsa saiti ne, keke ke ja. Kuma kada a fara duk layukan daga gefe ɗaya: wannan daga dama, na gaba daga hagu, in ba haka ba falle zai lanƙwashe kamar baka. Idan an gama za a sami falle mai kusan santimita 14 da 14 da rabi.

Shafi dole ne. Na san wasu na tsallake shi don sauri, amma sulalla na da nauyi, suna goga haƙora daga ciki, wata rana ɗaya daga cikin zif ɗin ado ya tsage a tsakiya, kuɗin mutane su zube a kasuwa. Guntun atamfa ko yadi mai ɗan kauri ya isa. A yanka daidai girman fallen, a shimfiɗa a bayansa, a kama gefuna huɗu da ɗinki.

Yanzu sai bakin jaka. A ɗora gefe ɗaya na sabon zif a saman fallen a ɗinke. Sannan a zuge shi gaba ɗaya, a naɗo ƙasan fallen a haɗa da ɗaya gefen. Dalilin barinsa da tsawon 20 ke nan, don ya buɗe sosai ƙafar keke ta sami hanya. Kafin a ɗinke gefe na biyu a rufe zif a sa alamar alli a ɓangarorin biyu, domin in suka saɓa ko da rabin santimita ne, jakar za ta murɗe. Abin da ya fito yanzu kamar bututu yake. A juya cikinsa waje, a kwantar da shi yadda bakin zai zauna santimita 2 ƙasa da lanƙwasar sama, ba a kan lanƙwasar ba, saboda kusurwa ta fita tsaf ba dunƙule.

Igiyar hannu kuwa, tsiri ne na yadi santimita 30 da 5, a ninka huɗu a ɗinke, a haɗa bakinsa biyu, a tura madaukin cikin bututun, bakin ya leƙo a gefen da kan zif ke tsayawa idan an rufe.

Kafin ɗinkin gefe, a jawo kan zif zuwa tsakiya. Ina nanata wannan, domin wanda ya manta, ko dai ya yanke kan tare da rarar, ko ya ɗinke jaka ruf ba ta inda zai juya ta. A kama buɗaɗɗen bakin da allurar hannu don haƙoran su haɗu, sannan a ɗinke gefe biyu da santimita 1. Idan an zo kan haƙora a ɗaga ƙafa daga feda, a juya keke da hannu a hankali, a kan bakin jaka da igiya kuma a koma baya a maimaita sau uku. A yanke rara, a ɗan haska wa bakin robar ashana don kada ta warware, a rufe da siririn tsiri. Jakar za ta fito kusan santimita 12 da 8, katin shaida na shiga har da sarari.

Dutsen guga na gawayi yana narkar da haƙoran roba nan take, sai an ɗora ƙyalle a kai. Idan ƙurar hunturu ta sa zif tauri, kyandir ko busasshen sabulu ake goga masa, ban da mai, domin mai ƙura yake tarawa. In kuma ya fara buɗewa a bayan kai, kan ne ya saki, a ɗan matse shi da filaya ta gefe biyu, kaɗan kaɗan, ana gwadawa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani tela, daga Garwa, Kamaru