Godiya ga Baba Alhaji mai kantin kayan abinci da yaronsa

Assalamu alaikum.

Ni ɗaliba ce daga Zariya, na zo karatu Maraɗi a farkon 2023. Mu huɗu ne a gidan haya a unguwar Ali Ɗan Tsoho: ni, da 'yar Cadi, da 'yar Benin, da 'yar Kamaru. Da yake ni kaɗai ce Hausa ta zauna wa a baki, cefane ya faɗo wuyana tun ranar farko. Na rubuto ne don in gode wa mai kantin da ke kan hanyarmu ta zuwa babbar kasuwa, wanda muke kira Baba Alhaji, shi da yaron da ke tsare masa kanti. Ya ce kada in sa sunansa, na bi maganarsa, amma godiyar ta fi ƙarfin in bar ta a ciki.

Kafin mu san shi mun sha wuya. Na zo da tunanin tunda harshe ɗaya ne ba abin da zai gagare ni, ashe lissafin kuɗin ma daban ne. A nan da dala ake ƙirge, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tumatir ta ce ashirin, sefa 100 take nufi, in ta ce ɗari, 500 ke nan, jika kuwa 1,000. Wasu masu kaya da zarar sun ga kana lissafi da yatsu sun samu nama. In kuma abokan zamana suka yi Faransanci a gabansu, nan take tiyar wake ta ƙara kuɗi. Ana haka aka yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, kaya suka yi tashin gwauron zabi, ga naira tana ta faɗuwa. Abin da mahaifina ke turo min in na canza sai ya koma kamar an gutsure shi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan matsalar 'yar Benin. Jikinta ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, ga ta a garin da gyaɗa ke cikin komai: man suya, ƙuli-ƙulin kwaɗon zogale, yajin tsire, har labun kilishi. Wani dare muka soya doya da man da aka tabbatar mana ba na gyaɗa ba ne. Ko rabin faranti ba ta ci ba leɓenta ya kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya, sai a kan kabu-kabu muka kai ta asibiti, ina riƙe da ita ta baya ina salati. Daga baya muka gane mazurari ɗaya mutumin da ya sayar mana da man ke auna kowane mai da shi. Da na koma na yi masa bayani, dariya ya yi, ya ce iyayi ne irin na 'yan boko. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Shi ya sa ranar da na fara shiga kantin Baba Alhaji na shiga a ɗarare. Na yi bayanin a gajarce, ina jiran a yi min dariya. Sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗiyata, zauna. Mi gyaɗar ka yi mata?" Na ba shi labarin daren nan daga farko har ƙarshe, bai katse ni ba. Da na gama ya kira yaronsa, ya sa ya ɗauko sabon mazurari da sabon ludayi, ya ɗaura musu jan zare, ya ce waɗannan na gidan ɗalibai ne, kada su kusanci man gyaɗa. Ya kuma ce in da hali mu riƙa sayen mai na cikin kwalba a rufe ko da ya ɗan ɗara tsada, don shi kansa ba zai iya rantsuwa a kan abin da aka zuba a jarka kafin ta iso hannunsa ba.

Yaron nan kuwa, Allah ya yi masa albarka. Ya yi lakwal, yana karanta Faransanci, don haka duk gwangwani ko biskit da za mu ɗauka sai ya juya bayansa ya duba ko an rubuta arachide, wato gyaɗa. Wata Juma'a mun yi sayayya mun kusa kwanar gida, sai ga shi da gudu ba ko takalmi, yana haki yana kiran "Yaya! Yaya!" Ashe ya tuna matar da ke daka musu yajin da ya sa mana a leda tana ƙara ƙuli-ƙuli. Ya karɓe ƙullin, ya miƙo min kuɗina. Yajin dala goma ne fa. 'Yar Benin tsayawa ta yi a bakin titi tana hawaye.

Sauran alherin ba zai lissafu ba. Shi ya koya mana mu haɗa kuɗi mu sayi gero da wake da tiya lokacin kaka, maimakon awon kullum. Abin da ba ya sayarwa yakan faɗa mana inda yake da araha: zogalen Jiratawa a wurin mata da sassafe, albasar Galmi in kakarta ta kama, busasshiyar kuɓewa don miyar 'yar Cadi. Da azumin Kirista na kwana 40 ya zo, 'yar Kamaru ba ta cin nama ranar Juma'a, ya riƙa ware mata busasshen kifi ba tare da wata tambaya ba. A watannin da iyaka ke rufe ya buɗe mana shafi a littafin bashi, kuma da aka buɗe ta a Maris 2024 muka zo biya, farashin ranar da muka ɗauki kayan ya karɓa.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan ya zama abin mamaki. Maraɗi cike take da ɗalibai baƙi, daga na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zuwa na jami'o'i masu zaman kansu, kuma duk cikin kasuwar nan suke ci. Amma wasu 'yan kasuwa kallon ɗan baƙo suke kamar saniyar tatsa: a danne gindin tiya, a cakuɗa tsohuwar shinkafa da sabuwa, in ka yi magana a ce ba dole. Ba a nan kaɗai ba, a garinmu ma haka ake yi wa ɗaliban da suka zo daga nesa, kuma ina jin kunyar hakan. Yaran nan iyayensu bashi suke ci su turo su.

Baba Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya raya maka zuri'a, ya saka wa yaronka da mafificin alheri. 'Yar Benin ta kusa gamawa, ta ce in gaya maka mahaifiyarta na gaishe ka daga Kwatano. Ɗakinta kuma wata 'yar Togo ce za ta shiga, zan kawo ta ku gaisa ranar Litinin in Allah ya kai mu.

Ɗiyarka,
ɗaliba daga Zariya