Tubali daban, bulo daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da tsokaci kan shirinku na al'adu, inda mai gabatarwa ya yi ta kiran bulon siminti da sunan tubali. Ba shi kaɗai ba ne. Kullum a labarai sai mu ji gwamna ya aza tubalin asibiti, alhali bulo aka miƙa masa. Wannan ya riga ya zama salon magana, ban ce a daina ba. Amma a shirin da ake koyar da gargajiya, ya kamata a bambanta.

Tubali a wurin magina ƙasa ce ake jiƙawa, a tattake ta da ƙafa tare da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo. Sannan a mulmula da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana. Magini yana zaune bisa bango, yaronsa na ƙasa yana jefo masa yana cafewa, yana jera su a tsaye, kai sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Shi ya sa bangonmu ke da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Daga baya a zo da azarar giginya, a yi yaɓe da makuba.

Kalmar ma ta sha tafiya. Masana suna danganta ta da "ɗub" na Larabci, wato bulon ƙasa. Larabawa sun same ta daga Kibɗawan Masar, su kuma sun gaje ta daga harshen zamanin Fir'auna. Ita ce ta bi ta Andalus ta zama "adobe" a bakin Sifaniyawa, har suka kai ta Meziko. Sunan aro ne, amma mulmulen hannun nan namu ne.

Da irin wannan ginin ƙasa Babban Gwani ya tayar da masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830, kuma bakan rufinsa na nan har yau.

Roƙona shi ne ku gayyato Sarkin Magina ko wani dattijon magini cikin shirin, ya yi bayani da bakinsa.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya