Zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni ko ta ƙona littafin ɗanta

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

Ranar da aka gayyace ni wani gidan rediyo a nan Kano muka tattauna kan matasa da shaye-shaye, ke ce kika bugo waya ta ƙarshe. Kin ce kina shara kika ɗaga katifar yaron gidanki, ɗan shekara 16, sai ga littafin rubutu cike da baitocin gambarar zamani, wadda suke kira hip-hop. Kin buɗe shafi biyu, kika ga maganar mutuwa da ƙunci, kika rufe. Kin ce kwanan nan ya daina hira da kowa, kullum kunnensa a toshe da abin sauraro. Sannan kika tambaye ni: "Malam, kai da kake tara yara kana koya musu wannan abu, tsakaninka da Allah, gyara yake yi ko ɓatawa? In ƙona littafin ko in bar shi?" Mai gabatarwa ya nuna min agogo, na ce ki bar shi, aka sako talla. Tun daga ranar abin yake cina a rai, don amsa mai kalma uku ba ta isa uwa ta kwana da ita ba.

Har yanzu amsata ita ce kada ki ƙona shi. Ga dalilaina, kuma ba zan ɓoye miki inda abin yake da haɗari ba.

Tsoronki yana da tushe. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda a Najeriya. A watan Mayun 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan an fallasa yadda yake cinye 'ya'yanmu, mu kuwa a Kano ba labari aka ba mu ba. Cikin waƙoƙin hip-hop akwai masu yi wa kwalbar nan kirari, akwai na ashar, akwai masu mayar da mace abin wasa. Wani matashin mawaƙin Amurka da yaranmu suke so ƙwarai, Juice WRLD, ya mutu a Disambar 2019 yana da shekara 21, kuma kodin na cikin abin da ya kashe shi. Duk wanda ya ce miki wannan fage tas yake bai faɗa miki gaskiya ba.

Sai dai littafin da ke ƙarƙashin katifa daban yake da abin da ke shiga kunnensa. Na kunne wani ne ya yi, ya sayar masa. Na littafin kuwa shi ya zauna ya rubuta, da hannunsa, ba wanda ya sa shi, ba jarrabawa za a yi a kai ba. Shekara da shekaru ina koyar da Hausa a sakandare, na san irin wahalar da nake sha kafin yaro ya cika min shafi ɗaya na insha'i. Naki ya cika littafi guda.

Na kuma lura har kika ajiye waya ba ki kama sunansa ba, "yaron gidana" kawai kike cewa. Na ɗauka ɗan fari ne. In haka ne, kunyar da ke tsakaninku ta gado ce, kuma abu ne mai kyau, amma ta rufe masa ƙofar da wani yaron yake bi ya kai kukansa. Ga shi namiji: tun yana rarrafe ake ce masa namiji ba ya kuka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mun koya wa 'ya'yanmu haɗiye magana, ba mu nuna musu inda za su sauke ta in ta yi nauyi ba. Wasu suna saukewa a kwalba, wasu a kan ƙannensu, wasu a bayan layi da wuƙa. Naki ya sauke a takarda.

Bari in ba ki labarin wani yaro cikin waɗanda muke zama da su ranar Asabar bayan la'asar, a wani aji da aka ara mana. Daga wani ƙauyen Zamfara danginsa suka gudo. Ya yi wata biyu yana zuwa bai ce uffan ba. Benci na ƙarshe yake zama, kusa da taga, ya sa hannu biyu tsakanin gwiwoyi, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ka ga ya zabura. Al'adarmu in an gama rubutu mukan ture bencina mu yi da'ira, ɗaya ya riƙa buga tebur da tafin hannu da murfin biro, kowa ya shigo tsakiya ya faɗi nasa. Rannan sai ya miƙe da wata takarda da ta yi laushi don ninkewa. Muryarsa na rawa, ya ce:

Geronmu ya nuna, babu mai yanka,
Baba ya ce ruga, kar ka jira takalminka,
Na ruga, Baba, har yau ina jiran kiranka.

Mai buga tebur ya tsaya. Ba wanda ya tafa. Can sai wani ƙato a cikinsu, wanda aka kawo min shi saboda faɗa, ya ce, "Maimaita." Ya maimaita, wannan karon da kiɗan teburin, sauran suna amsa masa ƙarshen kowane layi. Gwaggonsa da ke riƙonsa ta ce min daga baya ko ita ba ta taɓa jin abin da ya faru a daren daga bakinsa ba. Baiti uku ba su dawo masa da uba ba, kuma har yau yakan firgita. Amma yanzu yana cin abinci a cikin mutane, yana da abokai biyu da ke biyo masa in za su taho, kuma shi ne mai gyara wa ƙananan amsa-amo.

Abin da na fahimta a aikin nan shi ne, neman amsa-amo yana sa fushi ya rage gudu. Yaro ya zo a fusace, so yake ya fashe. Sai ka ce masa to, rubuta, amma layi na biyu dole ya ƙare da sautin da na farko ya ƙare, kuma gaɓoɓin su hau kan kiɗa. Dole ya zauna a kan abin da yake ji, ya juya shi, ya soke kalma, ya nemo wata. Kafin ya gama layi 16 ya riga ya sa wa damuwarsa suna, kuma abin da ka iya kiran sunansa ya fi sauƙin ɗauka. Sai kuma numfashi: ba ya yiwuwa ka jero baitoci da sauri ba ka koyi inda za ka ja iska ba. Ga haƙuri, domin in mun sami kuɗin shiga situdiyo, yaro yakan maimaita ɗango ɗaya sau goma sha kafin ya zauna daidai, abokansa suna kallo, ya faɗi ya tashi ba tare da ya zuciya ba. Juriyar da ake ta faɗa a taruka, ni a nan nake ganinta da ido.

Kuma asalin abin ma daga irin wannan hali ya fito. Unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970 kango ce. An ratsa ta da wata babbar hanyar mota da ta tashi dubban iyalai, ayyukan masana'antu sun ƙaura, wasu masu gidajen haya suna sa a cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora, a 1975 kuma birnin ya kusa tsiyacewa har aka rage malaman makaranta da 'yan kwana-kwana. 'Ya'yan baƙaƙen fata da na 'yan ci-rani suka kasu ƙungiya-ƙungiya, kowa da layinsa. Duk wanda ya san daba a garin nan zai gane hoton. A ƙarshen 1971, bayan an kashe wani matashi da ya je raba faɗa, shugabannin ƙungiyoyin suka zauna suka yi sulhu. Ranar 11 ga Agustan 1973 wata yarinya, Cindy Campbell, ta shirya ɗan biki a ɗakin taro na benen da suke haya, mai lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. Yayanta Clive, haifaffen Jamaika, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, shi ya sa kiɗa. Ya shahara da amfani da faifai biyu yana maimaita gurbin da ganga kaɗai ke tashi, don masu rawa su daɗe a fili. Daga wannan rana ake ƙirga haihuwar hip-hop, da rassansa huɗu: haɗa kiɗa, jero baiti, rawar juyi a ƙasa, da zanen bango. Faɗa bai ƙare a Bronx saboda kiɗa ba, amma yaro ya sami wata hanyar yin suna a unguwa wadda ba sai ya zubar da jini ba. Rawar da suka fara a kan kwali a bakin titi har ta shiga gasar Olamfik ta Paris a 2024.

Daga baya masana suka ɗauki abin da gaske. Marigayi Edgar Tyson, wanda ya kasance malamin fannin kula da jin daɗin jama'a a Jami'ar Fordham, shi ya raɗa wa wannan hanya sunan jinya da hip-hop. A 2004 Tomás Alvarez ya fara shirin Beats Rhymes and Life a Kalifoniya, bayan ya ga samarin da ke gudun ɗakin mai ba da shawara suna zuwa da ƙafarsu in an ce rubutun waƙa za a yi. Nan kusa da mu, a Senegal, mawaƙi Matador ya kafa cibiyar Africulturban a Pikine a 2006, Fou Malade kuma yana da G Hip Hop a Guédiawaye, duk unguwannin talakawa a gefen Dakar, suna koya wa matasa sana'o'in wannan fage, har da waɗanda suka fito daga gidan yari. In kika duba, a kowane ɗaya akwai babba da ke zaune tare da yaran. Wannan shi ne gishirin miyar.

Mu Hausawa ma ai ba baƙi ba ne a wajen jero magana a kan kiɗa. Sunan gambara da muka ba abin daga 'yan gambararmu na kasuwa aka aro shi. Muna da kirarin ɗan dambe kafin ya shiga fage, muna da zambo da habaici, muna da waƙoƙin gaɗa da 'yan mata ke faɗin abin da ke ransu a dandali. Marigayi Ɗanmaraya Jos maraici ne ya ba shi suna, da kuntiginsa ya yi wa talaka magana har duniya ta san shi. Yaranmu na yanzu da ke sauraron su ClassiQ da DJ AB da Morell, ko suka taso suna kallon Nomiis Gee a Arewa24, sun ga ana iya yin abin da Hausa tsantsa, shi ya sa nake samun ƙofar da zan shigo musu da Aƙilu Aliyu da Sa'adu Zungur. Sukan yi mamakin yadda dattawan nan suka ɗaure ƙafiya, wato amsa-amo.

Batun hukuncin kiɗa a addini kuwa, malamai sun yi magana a kai kuma akwai saɓani, wannan fagensu ne, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Abin da zan iya cewa shi ne rubutun ba ya buƙatar kiɗa. Akwai yara a wurinmu da iyayensu suka ce ban da kiɗa, haka suke karanta nasu da baka zalla, kuma ba su fi kowa baya ba. Dokokinmu ma kaɗan ne: ba ashar, ba a taɓa iyayen kowa, ba a yabon ƙwaya, kuma da an kira magariba an tashi.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a wasiƙar nan. Na taɓa yin kuskuren da har gobe yake min ciwo. Akwai yaron da ya fi kowa baiwa a cikinsu, baitocinsa suka riƙa komawa kan kabari da likkafani, mako bayan mako. Na yi ta yaba masa ƙwarewa, ina ganin tunda yana rubutawa ai yana samun sauƙi. Ashe ya daina barci, ya koma shan ƙwaya a ɓoye. Sai da ya yi yunƙurin hallaka kansa iyayensa suka sani, ni kuwa alamun suna hannuna tun watanni. Allah ya sa an kai shi asibiti da wuri, yana nan da ransa, yana shan magani. Tun daga nan, in na ga irin wannan a littafin yaro, a ranar nake neman iyayensa. Waƙa tana buɗe baki, amma ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, likita yake so.

Don haka maganar mutuwa da kika gani a shafi biyun nan kada a wuce ta. Wataƙila kwaikwayon abin da yake ji ne, wataƙila kuma kira ne. Ki lura da barcinsa da cin abincinsa, ko ya rame, ko ya bar abokan da ya saba da su, ko ya fara rabar da kayan da yake ji da su, ko yana cewa gara ba shi. In kin ga haka, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Ki mayar da littafin inda kika same shi. Tunda akwai kunya tsakaninku, ki nemo wanda yake sakewa da shi, kawunsa ko wani yayansa a dangi mai hankali, ya ja shi hira a waje, ko a shagon mai shayi ne. Kada ya fara da "me ya sa kake rubuta wannan". Ya ce masa ya ji an ce yana rubutu, yana so ya ji ɗaya daga bakinsa. In ya karanta, a bar shi ya kai aya ba a katse shi ba, ko da an ji abin da bai yi daɗi ba, sannan a tambaye shi wane ne a cikin baitin. Gyaran kalmomin banza yana nan tafe, kuma zai fi karɓa daga wanda ya riga ya saurare shi.

In kuma yana so ya zauna da sa'o'insa masu irin wannan rubutu, na bar wa mai gabatar da shirin bayanin inda muke haɗuwa. Kawun nasa ya rako shi ranar farko, ya zauna ya ga abin da muke yi da idonsa, ya dawo ya faɗa miki. Allah ya shirya mana shi, ya sanyaya miki zuciya.

Wassalam,
Malamin Hausan da kika yi wa tambaya a rediyo