Allurar geji ta kusa sa ni sauke injin Fijo ɗina a banza

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman masu Fijo 504 irin tawa, wadda na gada wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, ɗaya daga cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975.

Kwanakin baya na ce bari in ɗan yi mata kwalliya, aka sa mata altaneta babba, aka ƙara fankar lantarki a gaban lagireto da rile ɗinta, aka canza fitilun gaba, har da rediyo mai sifika a but saboda yara. Da rana komai lafiya lau. Ranar da dare ya yi mini a hanyar Zariya, ina kunna fitila kawai sai na ga allurar zafin inji ta miƙe tana neman ja, gabana ya faɗi, na gangara gefen titi na buɗe bonet ina haskawa da waya, ba tururi ba ƙauri, ruwa ko motsi bai yi ba.

Washegari wani matashin rewaya ya ce sensar da ke auna zafin inji ce ta lalace, ya kawo wata ta motar Japan ya naɗe bakinta da farin tef irin na masu gyaran famfo ya ɗaure. To allura sai ta kwanta gaba ɗaya. Ashe sensa mai waya ɗaya ta jikin zarenta take samun at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma, daga inji, ka naɗe ta da tef ka toshe mata hanya kenan, kuma ko ba tef ɗin ma kowace sensa da gejin da aka yi ta dominsa. Bakanike kuma har ya fara maganar gasket, wai a buɗe kan inji.

Wani dattijon rewaya ne ya cece ni, mutumin da tun zamanin da 504 ke tasi yake wannan aiki. Ya mayar da tsohuwar sensa, ya cire wayarta ya ɗan taɓa a jikin inji, allura ta tafi ƙarshe, ya ce to geji da waya lafiyarsu ƙalau. Ya maida, ya ce in kunna fitila in kashe. Ina kashewa allura ta sauko nan take. Ya dube ni ya ce Alhaji wane ruwa ne yake hucewa cikin ƙiftawar ido?

Ya sa mita a kan batir inji na aiki, 14 bolt da 'yan kai, caji daidai. Sai ya leƙa ƙasa ya nuno min wayar at da ta haɗa inji da bodi, ta yi kore, rabin silinta sun tsinke, wurin notin duk tsatsa da baƙin mai. Ita ce tun ta kamfani, da can kayan wuta kaɗan take ɗauka, yanzu mun jibga mata fanka da fitilu da sifika, wutar da ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta ƙananan wayoyi, geji ya riƙa ƙarya. Ya goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya sa waya mai kauri, ya ƙara ɗaure wayar at ta bayan dashbod da masu gyara suka bari tana lilo lokacin sa rediyo. Har gejin mai da yake ɗan rawa in na sa sigina ya natsu.

Abin da ke ba ni haushi, da yawan masu gyara yanzu almakashi ne a gaba, a yanke a haɗa a naɗe da baƙin tef, ba mai ɗaukar mita. Kuma asalin dashbod ɗin 504 mai lafiya yanzu sai ka sha yawo a kasuwar 'yan gwangwan kafin ka samu, in an ƙona maka shi shikenan. Sensar Japan ɗin nan tana cikin aljihun mota har yau, matashin rewayan ya ƙi karɓarta balle ya maido min kuɗina.

Naku,
Mai karatu daga Sabon Gari, Zariya